Abin da nake dubawa kafin in miƙa magani

Kantin magani nake da shi, ƙarami, ni da yara biyu masu taimaka mini. Mafi yawan abokan cinikina masu hawan jini ne da ciwon suga, waɗanda za su sha magani har ƙarshen rayuwa. Su ne tsadar magani take ci. Sai ka ga dattijo ya karɓi kati ɗaya maimakon na wata, yana shan ƙwaya yau ya tsallake gobe don ta kai shi ƙarshen wata. Hawan jini kuwa ba ya tsallake rana.

Don haka idan aka miƙo mini takardar likita, ba babban sunan da kamfani ya raɗa nake fara dubawa ba, sinadarin da ke ciki nake nema, wanda ake rubutawa da ƙananan haruffa a jikin kwali. Norvasc amlodipine ne, Glucophage metformin ne, Lipitor kuma atorvastatin. Wasu kamfanoni suna yin waɗannan sinadarai da ƙarfi iri ɗaya a farashi mai sauƙi, su ne muke kira jenarik.

Mutane kan tambaye ni: "Malam, in dai abu ɗaya ne, me ya kawo wannan tazarar kuɗi?" Kamfanin da ya gano magani yana samun haƙƙin mallaka na shekara 20 daga ranar da ya shigar da takardunsa, babu mai yin irinsa, sai ya sa farashin da zai mayar da kuɗin bincike da talla. Wa'adin na cika, kowa ya shigo. Na Lipitor ya ƙare a Amurka a Nuwamban 2011, atorvastatin ya cika kasuwa. Masu jenarik ba sa maimaita dogon gwaji a kan dubban marasa lafiya. Abin da hukuma ke nema su nuna shi ne maganinsu yana shiga jini da sauri da yawa daidai da na asali. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ce jenarik yakan yi araha da kusan kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari, kuma a can kusan tara cikin goma na magungunan da likitoci ke rubutawa jenarik ake bayarwa. Misalin da nake yawan kawowa shi ne na 2001, lokacin da kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin haɗin maganin ƙanjamau a dala 350 a shekara ga mutum ɗaya, alhali ana sayar da na asali fiye da dala 10,000.

Launi da siffa sukan bambanta, haka ma abin da aka murza ƙwayar da shi. Tsoffi ba sa son wannan. "Ɗana, nawa fari ne, wannan ruwan ɗorawa ne." Sai in jera kwalayen biyu, in nuna musu sunan sinadarin da miligiram ɗin, in ce Baba, duba nan, ka kuma duba nan.

Amma ba kowane magani nake musanyawa ba. Warfarin mai tsinka jini, levothyroxine na maƙoƙo, da magungunan farfaɗiya irin su phenytoin da carbamazepine, ɗan bambanci kaɗan a cikin jini yana iya kawo matsala. Wanda ya zauna lafiya a kan na wani kamfani, nakan bar shi a kansa sai likitansa ya ce a canza, ko da zai fi tsada.

Wurin da aikin yake da wuya shi ne sari. Jenarik daban, jabu daban, amma a hannun dillali marar amana kwalinsu kan yi kama. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magunguna a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci. Shi ya sa ba na sari sai daga dila mai lasisi, in duba lambar rajista da ranar lalacewa, in karɓi rasit. Wanda ya zo mini da kaya a jaka da farashin da ya yi ƙasa fiye da kima, ko buɗe jakar ba na bari ya yi.

Batun riba kuma, kwali mai tsada yakan bar mini kuɗi fiye da mai araha a ciniki ɗaya. Sai dai mai sayen mai tsadar sau da yawa wata biyu yake yi ya ɓace, mai sayen amlodipine na jenarik kuwa kowane wata yana nan, wani lokaci har da takardar matarsa a hannu.