Galina Zybina da igiyar awo

A gasar Olamfik ta Helsinki a 1952, Galina Zybina ta Tarayyar Sobiyat ta jefa dalma, wato ƙwallon ƙarfe mai nauyi, mita 15.28, ta ɗauki zinare, ta kuma kafa tarihin duniya. Bayan shekara 12, a Tokiyo, ta jefa mita 17.45, wato ƙarin sama da mita biyu, amma tagulla aka rataya mata. Tun muna kwas ɗin koyar da wasannin motsa jiki na ci karo da waɗannan alkaluma biyu, kuma har yau da su nake aiki a filin makarantar 'yan matan da nake koyarwa.

An haife ta a Leningrad, wato St. Petersburg ta Rasha a yau, a 1931. Tana 'yar shekara goma sojojin Jamus suka yi wa birnin ƙawanya, daga Satumbar 1941 har Janairun 1944. Yunwa da sanyi suka kashe mahaifiyarta da ɗan'uwanta, mahaifinta kuma ya mutu a fagen daga. Ita kanta da ƙyar ta sha. Yarinyar da ta fito daga wannan masifa, fata da ƙashi, ita ce Viktor Alekseev ya karɓa a makarantarsa ta 'yan jifa. Mu nan idan za mu zaɓi mai jifan dalma, sai malami ya duba layi ya ce, "Ke mai jikin nan, fito." An gama zaɓe ke nan. Da haka Alekseev yake yi, da ko kallon Zybina bai yi ba.

Da mashi aka fara saninta a Turai. Ta ci tagulla a jifan mashi a gasar nahiyar ta 1950, a Helsinki ma ta zo ta huɗu, a ranar da Dana Zatopkova ta Cekoslobakiya ta lashe zinare. Mashin mata giram 600 ne, dalma kuwa kilo 4. Mai kallo daga nesa zai ce ba abin da ya haɗa su, tunda ɗaya da gudu ake zuwa a wurga shi, ɗaya kuma turawa ake yi daga cikin da'irar da faɗinta bai wuce mita 2.135 ba. Amma duka biyun daga ƙafa suke tasowa. Ƙafar dama ta tura ƙasa, ƙugu ya juya, ƙafar hagu ta kafe kamar turke, sannan ƙirji, sannan kafaɗa. Hannu shi ne na ƙarshe, kuma shi ne mafi ƙarancin aiki.

Wannan shi ne abin da ya fi ba ni wahala wajen koyarwa. Yarinya za ta ɗauki dalma ta riƙe a tafin hannu kamar za ta jefi mangwaro, gwiwar hannu a ƙasa. Sai in ce mata ta ɗora shi a gindin yatsu, ta manna shi a wuya ƙarƙashin muƙamuƙi, ta ɗaga gwiwar hannu. Idan an tashi atisaye na ga baƙin datti a gefen wuyanta, na san ta riƙe daidai. Idan kuwa ta zo gobe tana kukan gwiwar hannu, to jifa ta yi da hannu, ba turawa ba, sai mu koma farko. Siririyar yarinya mai saurin ƙafa takan wuce ƙatuwar da ta dogara da damtse, in dai an ba ta zango ɗaya ko biyu.

A 1953 Zybina ta zama mace ta farko da ta haye mita 16. Daga nan sai abokan atisayenta suka fara cim mata. A Olamfik ta Melbourne a 1956 Tamara Tyshkevich ta kayar da ita da santimita 6 kacal. A Rum a 1960, bayan ta haihu, ta zo ta bakwai. A Tokiyo kuma Tamara Press ce ta ɗauki zinare. Su ukun duk almajiran Alekseev ne, fili ɗaya suke shiga da safe. Ni a ganina nan ne ƙwazonta ya fi fitowa, domin zama zakara kana ɗan shekara 21 abu ne, ci gaba da ƙara nisa kana shekara 33 alhali ƙannenka sun wuce ka wani abu ne daban.

Shi ya sa nake riƙe da littafi mai bangon kwali, kowace ɗaliba da shafinta. Ranar wasannin gidaje ana ba da kofi, ana guɗa, iyaye na ɗaukar hoto, wadda ta zo ta biyar kuwa ta koma gefe tana share hawaye da bakin hijabi. Nakan kira ta in buɗe shafinta: ga abin da kika jefa farkon zango, ga na yau, wa ya ƙara miki wannan rabin mitar? Wasu sukan yi murmushi. Wasu kam kofin suke so, ba ruwansu da littafina, kuma ban ga laifinsu ba. Zybina ma ta so ta je Olamfik ta biyar a 1968, aka ƙi sa ta cikin tawagar Tarayyar Sobiyat, sai ta ajiye gasa ta koma horar da matasa. Ta rasu a 2024 tana da shekara 93.