Transfermarkt, shafin da ya zama alƙalin gardama a fadojin Damagaram

Duk mai zama fada a Damagaram lokacin merkato, wato lokacin cinikin ƴan wasa, ya san yanda gardamar balo ke ƙarewa yanzu. An daina rantse-rantse, an daina cewa na ji a RFI ko BBC Hausa, wani ne kawai zai zaro waya ya buɗe Transfermarkt, shafin intanet da ke kimanta kuɗin ƴan wasa, ya ce to ga shi nan, ɗan wasanmu Yuro miliyan 80 ne naku ko 30 bai kai ba, sai kowa ya yi tsit kamar alƙali ne ya yanke hukunci. Ni abin da ke ba ni dariya, yawancin masu ɗaga wayar nan ba su san wa ke rubuta lambobin ba.

Shafin nan fa ba wani babban kamfani ya fara shi ba. Wani Bajamushe ne mai suna Matthias Seidel, masoyin Werder Bremen, ya buɗe shi a 2000 saboda yana son bin jita-jitar wa ƙungiyarsu za ta saya wa za ta sallama, yana tara labaran wuri guda. A lokacin mu nan ko salula ba kowa ba, intanet kuwa sai dai labari, sakamakon maci a rediyo ake ji, hotunan ƴan wasa kuma sai tsofaffin mujallun France Football da Onze Mondial da ke zuwa daga Yamai sun sha hannu har sun yi laushi. Daga baya ne siber suka fara buɗewa cikin gari, ka biya kuɗin awa rabinta ta tafi wajen jiran shafi ya buɗe.

Can Jamus kuma abin na ta girma, da Jamusanci kawai da farko, masoya ƙwallo na shiga suna ƙara bayanai da kansu kyauta, wannan ya sa ranar haihuwar ɗan wasa wancan ya sa tsawon kwantiraginsa, har a 2008 kamfanin Axel Springer, masu jaridar Bild, suka sayi kashi 51 cikin ɗari. Daga nan aka yi ta buɗe shi da wasu harsuna, Turanci, Faransanci da sauransu, ofishinsu na Hamburg. Na Faransancin shi ne ya iso mana sosai da wayoyin Android suka yi arha kuma forfe na dala ashirin ya isa mutum ya leƙa.

To yanzu maganar kuɗin, wadda ita ce ta sa na zauna rubutun nan. Lambar da kake gani gefen hoton ɗan wasa ba farashi ba ce, ba kulob ɗinsa ya faɗa ba, ba FIFA ba, ba kuma kwamfuta ce ta lissafa ita kaɗai ba. Masu rajista a shafin ne ke tafka muhawara, wannan ya ce yaron nan ya kai kaza ga dalilina, wancan ya ce a'a, a duba shekarunsa, saura shekara nawa a kwantiraginsa, wace gasa yake bugawa, yana yawan jin ciwo ko a'a, manyan kulob na nemansa ko ba sa nema, daga ƙarshe masu kula da sashen su tsayar da lamba. Wato dai kamar dillalai ne a kasuwar dabbobi suna kimanta sa, sun san kan abin ba shakka, amma sai mai saye ya taya mai sa ya sallama kafin a san kuɗinsa na gaske.

Misali kowa ya tuna 2017 da PSG ta biya Yuro miliyan 222 ta ɗauke Neymar daga Barcelona, in ka juya da sefa ya haura miliyar 145, alhali kimar da shafin ya ba shi kafin cinikin ko rabin haka ba ta kai ba. A 2024 kuma Mbappé na ɗauke da kimar miliyan 180 ya tafi Real Madrid PSG ba ta samu ko dala ba na ciniki tunda kwantiragi ya ƙare. Ba wai masu shafin sun yi ƙarya ba ne, su ma ba su ce farashi ba ne, mu ne muka mayar da kimantawa ta zama aya.

Kuma ba mu kaɗai ba wallahi. Ƴan jarida na kwafar lambobin, wakilan ƴan wasa na bibiyar su ido rufe, har akwai kulob a Turai da suka saka su cikin rahoton kuɗinsu. Abin da masoyin Bremen ya fara don nishaɗi ya zo ya zama ma'aunin da masu kuɗin kansu ke leƙawa kafin su zauna ciniki, ni dai wannan ya fi komai ba ni mamaki a tarihin shafin.

Inda abin ke min ciwo shi ne namu na gida. Ka nemi Moussa Maazou za ka ga tafiyarsa tsaf, Lokeren, CSKA Moscow a 2009, Monaco, Bordeaux, saboda a Turai ya yi su kuma can akwai masu rubutawa. Amma ɗan wasan da ke bugawa nan cikin gasar Nijar, in ma ka same shi, sau da yawa ba hoto ba cikakken bayani, kamar bai taɓa taka balo ba. Mu da muka ci Masar 1-0 a Yamai a 2010, muka je CAN 2012, gasar kofin Afirka, muka bar Afirka ta Kudu na rawar murna a fili suna zaton su suka wuce, muka sake komawa a 2013, ai ba a ce ba mu da ƴan wasa ba. Kuma laifin ba na Hamburg ba ne, tunda shafin da hannun masu sa kai yake tafiya, wanda bai kai bayanan nasa ba ba mai kai masa.

Yaranmu nawa ne a Birni da Zengo da suka haddace benci na Barça har da masu jiran gado, suna da Faransanci, suna da mega, rajista kuma kyauta ce. Da biyu ko uku cikinsu za su riƙa zuwa fili duk ranar da Espoir, kulob ɗin Damagaram, ke wasa su rubuta wa ya buga wa ya ci minti nawa aka canza shi, su tura, da mai neman ƴan wasa daga Tunisiya ko Beljiyam in ya ji sunan yaro ya bincika zai tarar da wani abu. Na faɗi haka a fadarmu, Barau mai dafa mana shayi ya ce to Malam kai da ka iya dogon Turanci mi ya hana ka, na ce masa ni wayata ce ba ta riƙe caji.