Wata goma sha huɗu a motar tafi-da-gidanka: ruwa, wuta da zaman mutum biyu

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon wannan rayuwa, da waɗanda suka riga suka sayi mota, da waɗanda har yanzu suke shawara da zuciyarsu.

Yau watanmu goma sha huɗu da miƙa makullin gidan haya, ni da maigidana, muka tare a cikin irin motar nan da Amurkawa ke kira RV. Mu dai motar tafi-da-gidanka muke ce mata. Tsawonta bai wuce mita 8 ba. A ciki akwai gado, da murhun gas, da firji, da ɗan banɗakin da in ka buɗe hannuwanka za ka taɓa bango da bango. Ina rubutun nan ne daga saharar Arizona, a filin La Posa da ke kudu da garin Quartzsite. Filin na gwamnatin tarayya ne, a hannun hukumar BLM mai kula da filayen gwamnati. A yawancin filayen hukumar kwana 14 ake barin mutum ya zauna kyauta sannan ya tashi, amma a nan in ka biya kuɗin izini kana iya zama daga 15 ga Satumba har 15 ga Afrilu, kuma akwai famfo da wurin zubar da ruwan datti. Shi ya sa da sanyi ya shigo arewacin ƙasar za ka ga motoci sun gangaro nan dubbai, kamar yadda makiyaya ke bin ruwa da ciyawa. Garin kansa mazaunansa na dindindin ba su kai 3,000 ba.

Inda na fi samun ci gaba a watannin nan shi ne ruwa. Tankinmu na ruwa mai tsabta galan 40 yake ci, wajen lita 150 ke nan. A watan farko kwana huɗu yake yi mana ya ƙare. Yanzu yana kai mu kwana goma, kuma ba wanka muka daina ba, hannu ne ya koyi awo. Abu na farko da muka bari shi ne alwala a bakin famfo, don kana shafar kai da kunne ruwa na ta zuba a banza. Muka koma buta irin wadda muka taso da ita, na yi mata alama daidai rabin lita. Ranar farko na zaci ba zai isa ba, sai ga shi har da saura. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i ɗaya, kuma mudun nan bai kai lita ba. Na haddace tun ina yarinya, amma ban taɓa gwadawa da hannuna ba sai da na zauna inda ba a samun famfo sai an tada mota. Mu biyu, salla biyar, lita biyar ke nan a yini.

Wanka kuwa na koma bokiti da moɗa. Maigidana ya fi son shawa, to sharaɗinta shi ne a jiƙa jiki a rufe, a saɓa sabulu, sannan a buɗe a ɗauraye. Ruwan sanyin da ke fara zubowa kafin mai zafi ya iso muna tare shi a roba, na banɗaki ne.

Wanke-wanke shi ya fi ba ni wahala, kuma tukunyar tuwo ce gaba. Da farko jiƙa ta nake yi in kankare in sake jiƙawa, tukunya ɗaya ta ci ruwan alwalar yini guda. Yanzu da na kwashe tuwo sai in bar ta a kan wuta kaɗan-kaɗan har ƙanzo ya bushe ya ɗago da kansa, mu ci abinmu, sauran aikin kofi ɗaya na ruwan zafi ya isa. Kwanon miya kuma sai na goge shi da takarda kafin ya ga ruwa, don maiƙo in ya shiga tanki yana daskarewa ya yi wari. Garin masarar Meziko da ake kira masa harina yana tuƙuwa sosai, kuma akwai shi a kusan kowane kanti a yankin nan, sai dai ɗanɗanonsa ya ɗan bambanta da namu saboda yadda suke dafa masarar kafin a niƙa. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji sai ka ce don wannan rayuwar aka yi su: ba nauyi, ba ruwansu da firji. Amma ku buɗe tagar rufi ku kunna fankarta duk lokacin girki. Tururi in bai fita ba a bango yake kwana, mu sai da muka ga baƙi-baƙin fumfuna a bayan katifa sannan muka ɗauki abin da muhimmanci.

Kowace lita kilo ɗaya ce, don haka cikakken tanki kamar ka ɗauki ƙarin mutum biyu ne. Kowace mota tana da takardar da ta faɗi iyakar nauyin da za ta iya ɗauka, tamu tana jikin ƙofar direba. Da muka hau sikelin manyan motoci a wani gidan mai, sai muka ga ƙafafun baya sun wuce ƙa'ida. A ranar muka rabar da tukwane biyu da kwalin littattafai. Ƙaramin turmin da Hajiyata ta ba ni da zan baro Zariya, shi kam na ce yana nan.

Sai tankokin datti guda biyu: baƙi na banɗaki, da toka-toka na wanka da wanke-wanke. Ko da kun sami masauki mai bututun zubarwa, kar ku bar sakatar baƙin a buɗe, don ruwan zai tsiyaye ya bar kauri ya taru ya bushe a ciki. A bari ya kai kashi biyu cikin uku, a ja sakatarsa ya fita da ƙarfi, a rufe, sannan a ja ta toka-toka don ruwan sabulu ya wanke tiyon. Na ji tsoron tsarki da ruwa zai riƙa cika mana tanki da wuri. Yana cikawa kam, amma wani dattijo maƙwabcinmu da ya shekara da yawa a hanya ya ce tankin nan ruwa yake so, masu toshewa su ne masu yi masa rowar ruwa da yawan takarda. Har yau namu bai taɓa toshewa ba. Safar hannu wajibi ce, kuma tiyon ruwan sha ba ya haɗa ma'aji da na datti ko sau ɗaya.

A wajen wuta har yanzu ɗaliba ce ni. Muna da farantan sola na wat 400 a rufi da batirin lithium. Yana riƙe fitilu, famfo, waya da kwamfutar da maigidana ke aiki da ita, wadda ita ce abincinmu. Abin da ba ya ɗauka shi ne duk na'urar da ke zafi, don haka butar lantarki ta tafi, shayi a kan gas ake dafa shi. A bara a wajen garin Flagstaff da ke arewacin Arizona, inda tudun ya kai mita 2,100, mun tashi da safe rana tar amma batir ya ƙi karɓar caji. Muka ɗauka ya lalace. Ashe irin wannan batirin ba a yi masa caji in sanyi ya kai na ƙanƙara, na'urar cikinsa ce ta rufe don ta kare shi. Mun dawo da shi ƙarƙashin kujera inda ɗumin ɗaki ke samunsa. Firjinmu kuma mai gas ne, irin wanda ba ya son karkata. In motar ba ta tsaya daidai ba ruwan cikinsa ba ya zagayawa, yana iya mutuwa gaba ɗaya, shi ya sa kafin a sauke komai sai na ɗora ma'aunin magina a ƙasa. Taya ma ba a yarda da kyawun fuskarta: lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta mako da shekarar da aka ƙera ta suke faɗa, kuma tayar irin motocin nan rana da tsufa ke kashe ta tun kafin hanya ta cinye ta.

Duk waɗannan ana koyonsu. Abin da ba wanda ya koya mana shi ne yadda mutum biyu za su zauna a mita 8 dare da rana. A gida in an saɓa, maigida ya fita zaure ko majalisa, uwargida ta shiga ɗaki ko ta leƙa maƙwabta, kafin magariba zuciya ta huce. A nan ba zaure, ba maƙwabciyar da ta san harshenka, ba babba da za a kai wa ƙara. Faɗanmu mafi zafi a kan ribas muka yi shi. Ina baya ina cewa ya yi dama, shi kuma bai san damata nake nufi ko tasa ba, har bayan motar ya gogi dutse. Ya ɗaga murya, na ɗaga, a gaban mutane. Daren nan muka kwana gado ɗaya ba mai magana, don ba inda za a je. Da asuba bayan salla ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, laifina ne da ban tsaya ba." Muka zauna muka tsara alamun hannu guda biyar, muka ajiye doka ɗaya: in bai gan ni a madubi ba, ya taka birki, ko da me nake faɗa. Tun daga ranar ba mu sake magana da baki wajen ribas ba.

Zo mu zauna, zo mu saɓa, haka Hausawa suka ce, kuma a ganina mafi yawan saɓanin cikin mota daga rashin sanin aikin wa ne yake tasowa. Yanzu ruwa, girki da daidaita mota nawa ne. Injin, taya da gas nasa. Tankin datti tare muke yi. Amma na dage sai kowa ya iya aikin ɗan'uwansa, don ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi ni na tuƙa mu har asibiti, kuma da ban koya ba da ban san yadda za mu yi ba. Ina roƙon 'yan'uwa mata kar ku bar sitiyari a hannun maigida shi kaɗai. Kullum bayan la'asar kuma yakan fita yawo da ƙafa na awa ɗaya, ni in zauna da saƙata. Da farko na ji kamar guduna yake. Yanzu na gane awar nan ita ce zaurenmu.

Salla ma sai da muka sake zama a kanta. Alƙibla a nan arewa maso gabas take, abin da ke ba wanda ya saba cewa "fuskanci gabas" mamaki. In muka juya hancin motar can, layin tsakiya yana ɗaukarmu, shi a gaba ni a baya. To amma farantan sola da sanyi kudu suke so a karkata su, wanda ke nufin motar ta kwanta gabas da yamma. Sola ta yi nasara, mu kuma muna shimfiɗa tabarma a waje in ba iska. Batun kasaru mun tambayi malami, ya tuna mana abin da muka sani a Malikiyya: matafiyi in ya yi niyyar zama kwana huɗu a wuri, cika salla zai yi. Don haka kasarunmu na ranakun hanya ne kawai. Juma'a ce ke da nisa. Birnin Phoenix yana wajen kilomita 200 gabas a kan babbar hanyar I-10, sai mu haɗa tafiyar da sayen naman halal da wanki da cika gas, mu yi salla a masallacin garin Tempe da ke gefen birnin.

A maƙabartar Quartzsite akwai wani kabari mai siffar dala da raƙumin ƙarfe a samansa. Na Hajji Ali ne, wanda Amurkawa suka kasa faɗin sunansa suka mayar da shi Hi Jolly. Sojojin Amurka ne suka kawo shi daga Gabas ta Tsakiya a shekarun 1850 don ya kula da raƙuman da suka gwada ɗaukar kaya da su a saharar nan. Aikin raƙuman ya watse, shi ya zauna, ya rasu a garin nan a 1902. Mun tsaya a wurin na daɗe ina tunanin mutumin da ya tsufa nesa da danginsa haka. Abin ya taɓa ni saboda shi ne ciwon wannan rayuwar a wurina. An yi bikin ƙanwata ban je ba, an yi rasuwa a dangin maigidana ta waya muka yi ta'aziyya. Ko muna gidan haya nisan yana nan, amma can akwai 'yan'uwa Hausawa da za su cika maka falo. Tsakaninmu da Najeriya awa takwas ne, don haka da na idar da sallar asuba nake kiran Hajiyata, ita lokacin azahar ta yi. Kullum tambayarta ɗaya: yaushe za ku zauna wuri ɗaya? Nakan ce mata sai mun ga abin da Allah ya yi, don gaskiyar ke nan.

Aikin da ke gabanmu yanzu rufi ne. Makon jiya na hau na ga danƙon da ke kewaye da tagar sama ya fara tsagewa, kuma yoyo a irin motar nan a ɓoye yake ruɓar da katako kafin ka ga ɗigo ɗaya a ciki. Mun sayo danƙon da ya dace da rufin roba. Za a kankare wanda ya ɗago, a goge wurin ya bushe, sannan a zuba sabo da rana mai ɗumi. Ban taɓa yi ba, ni zan riƙe bindigar danƙon, shi ya riƙe min tsani. Muna so mu gama kafin ƙarshen Maris, don zafin saharar nan in ya tashi yana wuce digiri 40, mu kuma lokacin mun kama hanyar arewa in Allah ya yarda.