Ranar da murhu ya tare hanya a Kerala

Jinyar Hajiyarmu ce ta kai ni Tiruwanantapuram, babban birnin jihar Kerala a kudancin Indiya. Ana gobe za mu koma ganin likita, matar da ta ba mu hayar ɗaki ta ce mu haƙura, gobe mota ba ta shiga gari, ranar Pongala ce. Na ɗauka zuzutawa ce kawai.

Gari na wayewa na leƙa ta taga. Tun daga ƙofar gida har inda ido ya ƙure mata ne zaune a bakin titi, kowacce da murhunta na jan bulo uku, da sabuwar tukunyar ƙasa, da busasshen ganyen kwakwa na hura wuta. Ba namiji ko ɗaya a gindin murhu. Girkin na Attukal Amma ne, allahiyar da mabiya Hindu ke bauta wa a tsohon wurin ibadar Attukal. Bikin kwana 10 ake yi, tsakanin Fabrairu da Maris, wannan girki kuwa a rana ta 9. A 2009 kundin bajinta na Guinness ya rubuta cewa mata miliyan biyu da rabi ne suka halarta.

Mutanen garin suna cewa allahiyar ita ce Kannaki, matar da sarkin Madurai ya kashe wa miji kan zargin satar munduwar ƙafar sarauniya, ita kuma ta ƙone birnin don fushi, ta ya da zango a nan.

Babu wadda ta ƙyasta ashana. Sai da babban malaminsu ya kunna murhun wurin ibadar, aka buga ganguna, aka harba abin tartsatsi, sannan wuta ta taho daga murhu zuwa murhu, maƙwabciya na miƙa wa maƙwabciya. Kafin ka ce kwabo hayaƙi ya turnuƙe gari.

Girkin shinkafa ce da mazarƙwaila da kwakwa da man shanu. Abin da ya ɗaure min kai, jira suke tukunya ta tafasa ta yi ambaliya. Ma'anar sunan bikin ma ke nan. Da kumfa ya gangaro kan bulo, sai mai tukunyar ta rangaɗa guɗa, ina rantsuwa irin tamu ta kai amarya. Hajiya, da na jawo wa kujera bakin taga, ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! A gidanmu da wannan ta sha faɗa."

Mu dai kallo ne namu, ba mu ci ba, mai gidan kuma ba ta matsa ba. Ita ce ta gaya min babban masallacin Palayam da cocin da ke kusa da shi kan buɗe harabarsu su ba matan ruwan sha da wurin hutawa. Da rana malamai suka bi layi suna yayyafa wa tukwane ruwa, kowacce ta naɗe kayanta ta nufi tasha.

Washegari da muka fita asibiti an share titin tas. Bulon ma hukumar birni ta kwashe, mai gidan ta ce gidajen talakawa ake ginawa da shi.