Wushiryata ta fara faɗi, aka cike ta ba a duba dasashi ba

Wushirya gadon gidanmu ce. Inna tana da ita, Yaya ma haka, ni kuma tawa 'yar siririya ce a tsakanin haƙoran gaba biyu na sama, kuma ban taɓa jin sha'awar rufe ta ba. Bayan na yaye autata ne na lura ta soma canzawa. Tsinken sakacen da a da ba ya shiga sai da ƙyar ya koma wucewa a sake. Idan ina karanta wa ɗalibai darasi da ƙarfi sai in ji wani ɗan fito yana biyo maganata. Can kuma wata sabuwar ƙofa ta buɗe a gefe, inda a da haƙoran a manne suke, haƙorin dama ya ɗan turo gaba ya fi ɗan'uwansa tsawo.

Duk wanda na yi wa ƙorafi sai ya ce, "Ke ma dai Malama, wasu fa kuɗi suke biya a fafe musu." Gaskiya ne, ana yi. Shi ya sa a ƙasar nan da wuya wani ya kalli rata a haƙori ya ce ciwo ne.

Wani ƙaramin asibitin haƙori na kuɗi na fara zuwa. Mutumin ya leƙa bakina da ɗan madubi, ya ce abu mai sauƙi ne, za a yi mini ciko mai launin haƙori a faɗaɗa haƙoran har su haɗe, a zama guda. Na gaya masa da bakina cewa in na goge baki jini yana fita, wani lokaci ma daga gutsurar rake kawai. Ya ce buroshina ne ya yi tauri, in sayi mai laushi. Bai ɗauki hoto ba, bai taɓa dasashin ba, bai tambaye ni ko ratar ta daɗe a haka ko ƙaruwa take yi ba. Wannan tambaya ɗaya da bai yi ba ita ce har yau take ci mini rai.

Ranar dai na fito ina murna, don aikin ya yi kyau a ido. Kafin shekara ta zagayo rata ta sake buɗewa a gefen cikon. Haƙoran sun yi faɗi, ga ƙofa ta dawo, ga wani layi ruwan ƙasa na shayi ya zauna a bakin cikon. Nama da zogale suna maƙalewa a ƙarƙashinsa, zaren sakace kuma in na sa sai ya tsinke. Dasashin wurin ya kumbura ya yi jajir, har na fara kare baki da mayafi in zan yi magana kusa da mutum saboda wari.

Yaya ce ta matsa mini na je asibitin koyarwa. Likitar da ta gan ni ta ɗauko wani siririn ƙarfe mai zane-zane a jiki, tana zura shi a hankali tsakanin haƙori da dasashi, tana kiran lamba ana rubutawa. A baki mai lafiya zurfin wurin milimita 1 zuwa 3 ne. Ni a gaba sai na ji tana kiran biyar, shida, kuma duk inda ta taɓa jini ya biyo. Da hoton ya fito ta ɗora shi a haske ta nuna mini da bakin biro inda ƙashi ya kamata ya tsaya a wuyan haƙori, da inda nawa ya sauka. Ko ni da ban san aikin ba na ga bambancin.

"Hajiya," ta ce, "haƙori kamar turke ne a ƙasa. In ruwa ya zaizaye ƙasar gindinsa, ko akuya ta ja shi sai ya karkace." Dattin da ya daskare ya zama dutse a ƙarƙashin dasashi shi ke kawo kumburi, kumburin yana cin ƙashi a hankali ba tare da zafi ba, harshe kuma duk haɗiyar yawu yana tura haƙoran gaba. Haka suke bajewa. Ta ce juna biyu yana ƙara hura kumburin dasashi, ciwon suga da taba ma haka, har ta tura ni gwajin suga. Wato ba wushiryata ce ke girma ba, haƙorana ne ke rasa madogara. Cikon da na biya kuɗi aka yi kuwa, da yake an bar masa leɓe yana hawa kan dasashi, ma'ajiyar datti ya zama, ya ƙara wa ciwon gudu.

Aka kankare shi gaba ɗaya. Kuɗin ba su ne suka fi damuna ba, ko da yake ba kaɗan ba ne ga mai albashin koyarwa. Abin da ya hana ni barci shi ne jin cewa ƙashin da ya zaizaye ba ya dawowa don kansa, iyakaci a tsayar da ɓarnar. Watannin da na yi ina yawo da haƙora masu kyau a ido, ƙashi ne nake asara. Da mutumin nan ya ɗauki ɗan ƙarfen awon nan na minti biyar, da an tare abin da wuri.

Ba ina kushe ciko ba ne. Ga mai ƙaramar rata, wadda ba ta wuce milimita 2 ba, da dasashi lafiyayye, shi ne mafi sauƙi da araha, ba a kuma cin jikin haƙori sosai. Sai dai yana dafewa da shayi da goro, yana ɓantarewa, bayan wasu shekaru sai an gyara ko an sake. Akwai kuma ɓawon tangaran da ake mannawa a fuskar haƙori, ya fi daɗewa ya fi riƙe haske, amma yawanci sai an goge farin saman haƙorin kafin a ɗora shi, kuma abin da aka goge ya tafi ke nan. Ni ban ga dalilin taɓa lafiyayyen haƙori haka ba. Dukansu biyun rufe ratar kawai suke yi a ido, ba sa mayar da haƙori mazauninsa.

Nawa sai da aka yi wankin ƙarƙashin dasashi da allurar kashe zafi, aka jira har jini ya daina fita, sannan likitan jera haƙora ya yarda ya sa mini waya, wato siririn ƙarfen da ake ɗaurawa a haƙora yana jan su a hankali su jeru. Ya ce ba a jan haƙori a cikin dasashi mai kumburi, kuma da yake ƙashina ya ragu, da ƙaramin ƙarfi zai ja. Na tambaye shi robar nan mai garai-garai da ake sawa a cire, irin su Invisalign. Ya ce tana aiki, amma sai an sa ta awa 20 zuwa 22 a rana, kuma tsadarta ta fi ƙarfina. Zaman waya ba wani labari a ciki sai ciwon kwanakin farko da haƙuri da ƙashin nama. Na roƙe shi ya bar mini 'yar wushiryata ta asali, ya ce haƙoran da suka haɗe sun fi sauƙin ɗaurewa wuri ɗaya, na haƙura.

Wani abin da ban sani ba sai a ɗakin jira, daga bakin wata mata da ta kawo 'yarta: yara masu rata a gaba, da yawansu tana rufewa da kanta idan fiƙoƙin sama suka fito, wajen shekara 11 zuwa 12, don haka ba a gaggawa. Wasu kuma ɗan naman nan da ya haɗa leɓen sama da dasashi ne yake saukowa tsakanin haƙoran, sai an yi masa ƙaramin aiki ko ratar ta yi ta dawowa. Mai giɓi kuwa, wanda haƙori ya fita, maganarsa dabam ce, sai dashen haƙori, ko gada, wato haƙorin da ake riƙewa a jikin na gefensa, ko na sawa a cire. Kowace rata da sanadinta, kuma sanadin ne ke zaɓar magani. Don Allah kuma, 'yan matan da ke ɗaura ƙaramar roba a haƙoran gaba don su matse, ku bari. Robar tana sulalewa ta shige ƙarƙashin dasashi ta bi saiwa, haƙoran biyu su yi girgiɗi su fita.

Da aka cire wayar an manna mini wata siririya ta bayan haƙoran, ga kuma roba da nake sawa da dare, duk don su riƙe haƙoran a mazauninsu. Likita ya ce ratar gaba ta fi kowace son komawa, riƙon nan na har abada ne. Duk wata uku kuma ina komawa wanki.

Haƙoran sun jeru, jini ya tsaya, alhamdu lillahi. Amma a saman inda suka haɗe akwai wani ɗan rami baƙi mai kusurwa uku, domin tsinin dasashin da ke cike wurin ya bi ƙashi ya sauka. Likitar ta ce yanzu da baki ya warke za a iya rage shi da ciko, irin wancan ɗin dai, amma a goge gefensa sumul yadda zare zai wuce. Na ce ta ba ni lokaci. Na san wannan karon an auna, an ɗauki hoto, an yi komai a kan ƙa'ida, amma har yanzu in na tuna yadda na ce wa mutumin nan jini nake gani ya ce in canza buroshi, sai raina ya ɓaci.