Sana'ar Bin Diddigin Asali a Tsofaffin Takardu

Ƙaramin kamfani ne nake da shi, mu uku ne a cikinsa, kuma aikinmu shi ne mu binciko wa mutum tarihin gidansu ko na garinsu daga tsofaffin jaridu da takardun mulki. Yawancin masu zuwa wurinmu sukan zo ne da labarin da suka ji a bakin kaka, suna so mu nemo musu takardar da za ta gaskata shi, kuma tun ranar farko nakan gaya musu cewa abin da takarda ta faɗa shi zan kawo, ko ya yi musu daɗi ko bai yi ba.

Kafin mu taɓa fayil ko ɗaya, sai mun zauna da dattawan gidan, domin tsofaffinmu ba da lambar shekara suke riƙe lokaci ba, da abin da ya faru suke riƙe shi. Idan tsohuwa ta ce an haifi mahaifinta shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano, to 1911 ke nan. Idan ta ce an yi aurenta shekarar zuwan Sarauniyar Ingila, to 1956 take nufi. Takardun alƙalai kuwa da dama da Larabci aka rubuta su, da kwanan watan Hijira, wadda shekararta ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, saboda haka wanda bai yi lissafi a tsanake ba sai ya zame da shekara guda bai sani ba.

Daga nan sai Kaduna, inda Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa take da reshe, ga kuma Gidan Arewa, cibiyar adana takardu da binciken tarihi da aka kafa a 1970. Fayilolin zamanin Turawa bisa larduna aka tsara su, ba bisa jihohin da aka fara ƙirƙirowa a 1967 ba, don haka dole ne mai bincike ya san lardin da ƙauyen yake ciki a wancan lokaci. A ganina rahotannin kimanta haraji sun fi komai amfani, domin jami'in da ya zagaya gunduma yakan rubuta asalin garin da jerin dagatai da sana'o'in mutane. A ɓangaren jaridu muna dogara da Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939, da Nigerian Citizen ta 1948, da New Nigerian wadda ta gaji Nigerian Citizen a 1966. Naɗin sarauta da canjin wurin aiki da wasiƙun masu karatu duk suna ciki, amma babu fihirisar sunaye, sai dai a bi shafi-shafi, ga takardar ta bushe har gefenta yana marmashewa idan aka juya ta da gaggawa.

Babbar wahalar aikin ita ce suna. Ba mu da sunan dangi da ake gada daga kaka zuwa jika, kuma Bature yakan rubuta yadda kunnensa ya ji, sai ka tarar da mutum ɗaya a wuri uku, nan Muhammadu, can Mamman, gaba kuma da laƙabinsa kawai. Ba na amincewa cewa mutumin da muke nema ne sai suna da gari da sarauta ko sana'a sun dace a takardu biyu waɗanda ba daga juna aka kwafo su ba. Mata da talakawa kuwa da wuya a same su da suna, galibi adadi ne kawai a lissafin haraji.

Akwai wani bawan Allah da ya zo da tabbacin cewa kakansa hakimi ne. Mun yi mako uku muna nema, a ƙarshe muka same shi a jerin ma'aikatan En'e, hukumar gargajiya ta zamanin Turawa, a matsayin malamin hakimi, wato mai rubuta haraji. Da na miƙa masa hoton shafin, ya daɗe yana kallonsa bai ce komai ba, sannan ya ɗora yatsa a kan layin ya ce, "Ranka ya daɗe, ashe da alƙalami ya ci abinci." Ya nemi mu buga masa kwafi bakwai, ɗaya ga kowane ɗaki na gidansu.