Kan hula ya zauna a karo na huɗu, ashe sau uku ne da ɗan ɗori

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon ɗinkin hula. Jiya bayan isha'i kan hulata ya zauna a jikinta daram, babu tattara babu rara, kuma wallahi sai da na kai ƙarfe ɗaya ina jujjuya ta a hannu don murna. Wata biyu kenan ina fama da wannan wuri ɗaya. Zane ba ya ba ni wahala, hannuna ya fara faɗawa da allura, amma da an zo haɗa kai da jiki sai komai ya lalace.

Lamba 22 nake yi, wa yayana. Jiki dai kun sani, inci 22 ne tsawonsa in an haɗe bakin. Matsalar ita ce faɗin da'irar da za a yanka na kai. Wani da ya riga ni fara koyo ya ce min ai abu mai sauƙi ne, duk abu mai zagaye kewayensa ninkin faɗinsa uku ne, in raba 22 gida uku kawai. Na raba na samu inci 7 da sulusi, na zana, na zauna na yi masa aiki na sati uku cur, zare kala huɗu. Ranar haɗawa na fara kamawa daga baya ina zagayowa, kafin in iso inda na faro sai ga kan ya yi saura, kusan inci guda ya taru a hannuna ba inda zan sa shi. Na yi ta turawa ina rarraba shi, hular ta fito da tattara kamar bakin zariya. Na warware na ajiye, kwana biyu ban taɓa allura ba saboda takaici. Yadi da zaren nan kusan ₦4,000 suka ci, amma ba kuɗin ne suka fi ci min rai ba, sati ukun nan ne.

Na biyu a kan tsohon ƙyalle na gwada, na rage da ido zuwa 7 ba kwata. Wannan karon jikin ne ya yi saura, kamar kwata uku na inci. To a nan na san ba hannuna ba ne, lissafin ne ba daidai ba.

Sai na ɗauki tef na shiga kicin ɗin Umma. Murfin tukunya na fara aunawa, faɗinsa ta tsakiya inci 10, da na zagaya tef a bakinsa sai na ga 31 da kusan rabi. Ba 30 ba. Faifai faɗinsa 14, kewayensa 44, alhali sau uku 42 zai ba ni. Na auna bakin bokiti, na auna tire, na auna gwangwanin madara, duk wanda na raba kewayensa da faɗinsa a kalkuletar waya sai ya ba ni 3.1 da wani abu, wani 3.13 wani 3.15, ƙananan ne ma suka fi yawo, gwangwanin ya kai 3.2 saboda kuskuren ɗan ƙanƙanin awo yana girma a kan ƙaramin abu. Kada ku auna da zaren ɗinki, miƙewa yake in an ja shi, da shi na fara kuma ya ruɗa ni. Ku yanko siririyar takarda ku naɗa, ku sa alama da biro inda ta haɗu sannan ku shimfiɗa ta a kan tef.

Umma tana kallona ta ce, kai kuma yau me ya haɗa ka da murafen tukwanena? Na ce Umma hula nake nema a jikinsu. Ƙanina da ke aji biyar a sakandare yana gefe, shi ne ya ce Yaya ai wannan fai kake nema, 22 bisa 7, an koya mana. Ni ma an koya mana, na haddace shi na rubuta a jarrabawa na wuce, amma ban taɓa sanin cewa amsar wata tambaya ce ta zahiri ba: faɗin abu sau nawa zai zagaye bakinsa. Sau uku ne da subu'i, wato kashi ɗaya cikin bakwai na faɗin. Ko murfin kwalba ne ko bakin rijiya, adadin ba ya canzawa.

Abin da ya sa tsigar jikina ta tashi shi ne da na mayar da lissafin kan hulata. Kewaye 22. Faɗi nawa? Bakwai cif. Bakwai sau uku 21, subu'in bakwai kuma inci ɗaya, 22 kenan. Lambar da muka haddace a aji ashe awon hular yayana ce, kewaye a sama faɗi a ƙasa. Kuma incin nan ɗaya shi ne dai wanda ya taru a hannuna ranar farko, don da'ira mai faɗin 7 da sulusi kewayenta 23 ne da ɗigo.

Amma zuciyata ba ta kwanta ba sai da na ga daga ina ɗorin yake fitowa, don ni in ban ga abu da idona ba mantawa nake. Ku gwada wannan da kamfas ɗin 'yan makaranta. Ku zana da'ira, kada ku taɓa buɗin kamfas ɗin, ku ɗora tsininsa a bakin da'irar ku riƙa takawa kuna sa alama. Taku shida daidai zai dawo da ku inda kuka faro. Ku haɗa alamomin da rula, za ku samu siffa mai gefe shida, kowane gefe rabin faɗin da'irar ne, rabi shida kuwa faɗi uku kenan. To ga sau ukun da aka ba ni. Na mai gefe shida ne, ba na da'ira ba. Ita da'irar a tsakanin kowace alama biyu ba miƙewa take ba, tana ɗan yin ciki waje, hanya mai lanƙwasa kuma ta fi miƙaƙƙiya tsawo. Cikin nan shida in ka tara abin da suka ƙara shi ne subu'in. Na daɗe ina kallon takardar nan.

Daga baya na bi tarihin abin a waya, sai na ga hanyar nan ce wani masanin Girka, Arkimidis na birnin Sirakus a tsibirin Sisili, ya bi fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga gefe 6 ya ninka zuwa 12, 24, 48 har 96, ɗaya a cikin da'ira ɗaya a wajenta, ya nuna adadin ya fi 223 bisa 71 amma bai kai 22 bisa 7 ba. Kenan 22 bisa 7 ɗin ma kusa ne kawai, shi 3.1428 ne, ainihin kuma 3.14159 ne ya ci gaba ba ƙarshe, an tabbatar da hakan tun 1761. Na ji daɗi da na ga Alkawarizmi na Bagadaza shi ma ya kawo uku da subu'i a lissafin awonsa, sannan Alkashi a Samarkand ya fitar da shi har gurbi 16 a shekarar 1424, da hannu, ba kalkuleta. Mu dai a kan hula bambancin 22 bisa 7 da ainihin bai kai kaurin zare ba, kada wani ya wahalar da kansa.

Za ku ce shikenan an gama. Ina! Na uku shi ya fi ba ni haushi, don da ilimina a hannu na lalata shi, kuma a kan sabon yadi.

Na zana inci 7, na bar kwata na ɗinki a zagaye kamar kullum, na yanka. Sai na ce bari in tabbatar kafin in haɗa, na zagaya takardar awona a bakin abin da na yanka, sai ga 23 da rabi. Gabana ya faɗi, na ce na sake kuskure. Na sa almakashi na yi ta datsewa har bakin ya dawo 22 daidai, na haɗa, na ɗinka kwata a ciki, jiki ya yi saura inci ɗaya da rabi. Fiye da na biyun ma. Na rasa me ke faruwa, na koma kan kalkuleta ta ce min 7 ne, na auna abin da na yanka 7 ne.

Washegari na kai wa maigidan da nake zama a shagonsa ranar Asabar. Bai san fai ba, bai kuma buƙace shi ba, yana da kwalaye da ya yanka tun da daɗewa kowace lamba da nata, a rataye a ƙusa. Ya juya ƙyallen sau biyu ya ce, yaro, a ina allurarka take bi? Na nuna masa. Ya ce to can za ka auna, bakin yadi ba ya shiga kai. Na ce na gode Baba, na zauna a benci na yi lissafin a bayan kwali. Na datse faɗin ya koma 7 har da rarar ɗinki, kwata ta tafi a dama kwata a hagu, da'irar da allura ta bi faɗinta 6 da rabi ne kawai, kewayenta 20 da kusan rabi. Ga inci ɗaya da rabin da ya ɓace. A miƙaƙƙen yadi in ka bar kwata, kwata ce kawai. A da'ira kuwa kwatar nan tana shiga faɗi sau biyu, sannan a ninka ta uku da subu'i. Wato 23 da rabin da ya tsorata ni daidai yake, haka ya kamata bakin ya kasance, ni ne na datse abin da ba shi da laifi. Na nemi izini na auna kwalinsa na lamba 22, inci 7 ne ko gashi babu.

Na huɗu ga yadda na yi. Layi biyu na zana, na ciki faɗi 7 shi ne hanyar allura, na waje 7 da rabi shi ne hanyar almakashi. Na ninke kan gida huɗu na sa alama, jikin ma na raba shi huɗu, inci 5 da rabi kowane kashi, na kama alama da alama da fil kafin in soma, don in akwai saɓani in gan shi tun a kashin farko. Rarar kuma na yi mata 'yan tsage-tsage da bakin almakashi a zagaye ba tare da na taɓa layin ba, shi ne ya sa ta kwanta a ciki ba ta cunkushe ba. Na zagayo na iso inda na faro, ba saura ko ɗaya. Alhamdulillahi.

Na fitar wa kaina sauran lambobin na rubuta a bangon littafin zanena: 21 faɗinta 6.68, 22 da rabi 7.16, 23 kuma 7.32, 24 tana 7.64. Duk inci ɗaya da kewaye ya ƙaru, faɗin ƙasa da sulusin inci yake ƙaruwa, shi ya sa ido ba ya iya kamawa. Kuma ku dubi na 23 ɗin nan da kyau. Bakwai da sulusi! Kan da na yi wa aikin sati uku na jefa a leda ina jin haushinsa, ashe bai lalace ba, kan lamba 23 ne. Jiki kawai zan yi masa mai inci 23, kuma kawuna lambarsa kenan. Da na gane haka har sai da na tashi tsaye.

Yayata mai ɗinkin mata ma da na ba ta labari ta ce su in za su yanka siket mai cikakken zagaye kugu suke rabawa da 6.28, haka aka koya mata, ba ta taɓa tambayar daga ina ya zo ba. Fai ne sau biyu, saboda su daga tsakiya suke aunawa, rabin faɗi suke nema. Kugu 30 ya ba ta kusan 5 ba kwata, ta ce haka take yankawa.

Abu biyu suka rage min yanzu. Jikin farko da na yi wa aiki na sake auna shi jiya, ya koma 22 ba kwata, zaren ya ja yadin ya tsuke, don haka kansa ba zai cika 7 ba, 6.92 ya kama, kuma daga yau sai na gama aikin jiki zan auna in yanka kai. Abu na biyun shi ne hular da na gama jiyan, da Yaya ya sa ya ce ta ɗan kama shi a goshi. Ina zargin kaurin yadi da shafi ne, don 22 ɗin a waje yake, kan mutum kuma a ciki yake zama, in kaurin ya kai sumunin inci to cikin ya ragu da kusan kwata uku, lissafi ɗaya ne da na rarar ɗinki. Zan kai ta wurin masu wankin hula su ɗora ta a katako in ga ko za ta saki, in ba ta saki ba na gaba zan yanka jikin 22 da rabi in gwada. Wanda ya taɓa yin mai shafi biyu a cikinku, don Allah nawa kuke ƙarawa?